Araha Tana Ado, In Ka San Abin Da Ka Saya

Kwanakin baya na ga tallar wata durowa da ta ba ni haushi. Sabuwa ce fil daga masana'anta, ko allura ba a taɓa ajiyewa a cikinta ba. Amma an shafa mata farin fenti, an bi gefunanta da sanfefa an kankare, har da 'yan ramuka da aka huda mata da gangan don a ce ƙwaro ya taɓa cin ta. Kuɗinta kuma ya fi na 'yar'uwarta da aka bari da fentinta lafiya lau. Wato sai ka ƙara kuɗi kafin a lalata maka kaya.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, yawancin masu rububin irin wannan durowa su ne dai za ka ji suna cewa kayan da wani ya yi amfani da shi ba zai shiga ɗakinsu ba. Suna son kamannin tsufa, suna ƙyamar tsohon kaya.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son ɗakinsa ya yi kyau, babu hanyar da ta fi masa sayen tsofaffin kaya na hannu masu ƙwari, ya tsabtace su, ya gyara, ya yi musu ado daidai aljihunsa. Wannan dabara ce, ba alamar gazawa ba. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne wanda ya zuba kuɗi mai yawa ya sayi tsufan ƙarya. Na san akwai masu ja da wannan magana, wasunsu kuma da hujja mai ƙarfi, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Asalin salon

Salon da waccan durowa take kwaikwayo, wato ƙawata ɗaki da tsofaffin kaya masu koɗaɗɗen fenti, Shabby Chic ake kiransa da Turanci, kuma ba a masana'anta aka haife shi ba. Ya samo tushe ne daga manyan gidajen karkara na Ingila, inda iyali kan gaji kujeru da labule kaka da kakanni, yadin ya koɗe, fenti ya dushe, amma ba a zubar ba saboda kayan nagari ne. Ya kuma ari wani abu daga Suwidin, inda tun zamanin Sarki Gustav na Uku, wanda ya yi mulki daga 1771 zuwa 1792, ake shafa wa kayan katako fenti fari ko ruwan toka mai haske.

Wadda ta fito da sunan duniya ta sani ita ce Rachel Ashwell, 'yar Ingila da ta buɗe kanti a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1989. Da me ta fara? Tsofaffin kayan da take tsintowa a kasuwannin gwanjo, da rigunan kujera da ake cirewa a wanke. Tana da ƙananan yara a lokacin, tana son kujerar da yaro zai ɓata ba tare da hankalin kowa ya tashi ba. A 1990 kuma wata mai zane a Ingila, Annie Sloan, ta fito da wani fenti mai kama da alli wanda ke kama tsohon katako ba sai an sha wahalar kankare shi ba, abin ya ƙara sauƙi ga wanda bai taɓa riƙe buroshi ba.

Daga baya salon ya zama na yayi. A 2004 ya shiga manyan kantunan Target na Amurka, masana'antu a ko'ina kuma suka ga kasuwa, suka shiga ƙera sabon kaya mai kamar tsoho. Abin da aka fara don a rage kashe kuɗi ya koma hanyar ƙara shi.

"Araha ba ta ado"

Wannan ita ce magana ta farko da ake jefa mini, kuma karin maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai a tambaya, wace arahar? Akwai abin da ya yi araha don ba shi da kirki tun asali. Akwai kuma abin da ya yi araha don mai shi zai ƙaura, ko ya gaji da ganinsa, ko ƙafa ɗaya ta soma girgiɗi shi kuma ba ya son wahalar neman kafinta. Na biyun nan nake magana a kai.

Yawancin sababbin kayan ɗaki masu sauƙin kuɗi ba da katako na gaske ake yin su ba. Garin katako ne da ɓarɓashinsa ake cakuɗawa da gam, a matse a inji, sannan a manna masa siririyar leda ko takarda mai zanen itace a sama. Ranar farko kyakkyawa ne, ba musu. Amma ruwa ya zube a kansa ya kwana, sai ka ga gefen ya kumbura ya fara rugurgujewa. Noti ya saki sau ɗaya, ramin ya buɗe ke nan, ba ya sake riƙewa. In ka kwance shi don ƙaura ka sake haɗawa, ƙarfinsa ya ragu. Irin wannan ba ya tsufa, mutuwa yake yi.

Tsohon teburin katako zalla kuwa, ko ya yi shekara hamsin, tabon da ke kansa a sama yake. A goge, a kankare, a shafa masa mai ko fenti, ya dawo. Ya karye, a yi masa gam a ɗaure. Kasancewarsa yana nan tsaye bayan waɗannan shekaru ma shaida ce, domin marasa ƙwari daga cikin sa'o'insa sun daɗe da tafiya juji.

Gane nagari ba ya buƙatar zama kafinta. Ka zaro aljihun durowar gaba ɗaya ka duba kusurwarsa. In ka ga katakon gaba da na gefe sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe, aikin gwani ne, zai daɗe. In ƙusoshin inji ne kawai da gam suka riƙe shi, ka rage masa daraja. Ka juya teburin ka dubi ƙarƙashinsa, inda ba a fenti, nan ne gaskiyar katakon take. Ka dubi bakin allon: in zanen itacen ya zarce daga sama ya sauko gefe, katako ne na gaske, in kuwa ka ga ɓarɓashi a matse, ka san abin da ke hannunka. Ka dafa shi ka jijjiga. Kujera kuma ka zauna a kai, ka jingina, ka saurara ko tana kuka. Ɗan girgiɗi ba matsala ba ne, gam ne ya bushe. Ruɓa ita ce matsala: ka danna farce a ƙafar da ke taɓa ƙasa, in ya nutse cikin sauƙi, ka bar musu kayansu.

Ka kuma sa hanci. Warin fumfuna da ya shige cikin katako da ƙyar yake fita, komai yawan fentin da aka shafa.

"Ka san me ka kwaso?"

Nan ne masu ja da ni suka fi gaskiya, kuma ba zan yi musu gardama a kan abin da yake zahiri ba. Tsohon kaya yana iya zuwa da baƙin da ba ka gayyata ba.

Babbansu kuɗin cizo. Yana ɓuya a ɗinkin katifa, a tsagar katako, a ƙarƙashin yadin kujera, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba yana jira. In ya shiga gida, fitar da shi sai an sha wuya, kuɗin da za a kashe kuma zai cinye ribar arahar har ya nemi ƙari. Don haka ni ban yarda a sayi tsohuwar katifa ba, ko da kyauta aka bayar. Kujera mai soso ma sai wadda za a tuɓe mata yadi da soson gaba ɗaya, a bar ƙashin katakon kawai, a sake mata sabo. Labule da zanen gado da rigar matashi kuwa sauƙi gare su, wanki da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyos yana kashe ƙwaron har da ƙwansa.

Sai ƙwaron da ke cin katako. Ƙananan ramuka kamar bakin allura ba lallai ne su nuna yana ciki ba, wataƙila ya daɗe da fita. Ka shimfiɗa baƙar leda ko takarda a ƙarƙashin kayan ka bar shi ya kwana biyu a waje. In ka tarar da sabon gari mai haske ya zubo, yana nan da ransa, sai a yi magani kafin kayan ya tsallaka ƙofa.

Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne wanda ido ba ya gani: gubar dalma da ke cikin tsohon fenti. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje da na kayan ɗaki da na wasan yara a 1978, wasu ƙasashe sun riga ta, wasu sun biyo baya, akwai kuma waɗanda har yanzu ba su da dokar da ta hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu tun tana girma. A nan ne salon nan yake da laifinsa, tunda yana yabon fentin da ke ɓarewa. Tsohuwar taga mai fenti yana zuba ta yi kyau a hoto, amma yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. In ba ka san shekarun fentin ba, kada ka bi shi da sanfefa a bushe, ƙurar ita ce gubar. Akwai 'yan kayan gwaji da ake sayarwa don gano dalma. In ba a samu ba, a rufe tsohon fentin da sabo ko da man sheƙi mai kauri, kuma kada kayan ya shiga ɗakin yara.

Gadon jariri ma ban ba da shawarar a saya na hannu ba. Dokokin ƙera shi sun canja saboda rayukan da aka rasa. Amurka ta hana sayar da mai gefen da ake saukewa a 2011, har da na hannu. Tsohuwar fitilar lantarki kuma a kai wa mai gyara ya sake mata waya kafin a jona.

To amma duk wannan jawabi hujja ce ta a buɗe ido, ba ta a guji tsohon kaya ba. Sabon ma ba tsarkakakke ba ne. Gam ɗin da ake haɗa garin katako da shi sau da yawa yana fitar da sinadarin fomaldihaid, shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba sabon kabad wannan wari mai hawa kai, kuma tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke jawo wa mutum cutar. Fitarsa tana raguwa ne da daɗewar kaya. A 2016 kuma kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo a kan yara sun kashe su. Sababbi ne aka saye su. Darasin da ke nan ya shafi kowa: duk doguwar durowa, tsohuwa ko sabuwa, a ɗaure ta da bango matuƙar akwai yaro a gidan.

Maganar da ba a cika faɗa a fili ba

Ƙazanta da ƙwari sau da yawa fakewa ce. Ainihin abin da ke hana mutane shi ne, me baƙo zai ce?

Ba zan raina wannan tsoro ba, domin akwai rashin adalci a cikinsa. Mai kuɗi ya ajiye koɗaɗɗiyar kujera a falonsa, a ce ya san kan ado. Talaka ya ajiye irinta sak, a ce babu ce ta sa shi. Waɗancan gidajen karkara na Ingila ma ai ba don talauci suka bar labulensu ya koɗe ba. Kowa ya san suna da shi, ba su da abin da za su nuna wa kowa. Wanda ya tashi cikin kayan da wasu suka bari, ya yi fafutuka har ya samu abin kansa, in ya ce yana son sabon abu mai ƙyalli wanda shi ya fara ɓare ledarsa, ban ga wanda ya isa ya yi masa dariya ba. Haƙƙinsa ne.

Abin da nake ja da shi shi ne a ci bashi don bakin mutane. Baƙon da kake tsoro zai zauna awa ɗaya ya tafi, kai ne za ka kwana da biyan kuɗi wata-wata, kuma sau da yawa kafin ka gama biya kayan ya fara ɓarewa.

Sannan baƙon nan ba rasiti yake dubawa ba. Abin da ido ke fara gani a ɗaki shi ne tsabta, da haske, da ko kayan sun zauna da juna. Ɗakin da aka share, aka wanke labulensa, launukansa biyu ko uku ne masu jituwa, ba wanda zai tsaya tambayar inda aka samo teburin. In ma ya tambaya, galibi don ya burge shi ne. Ɗakin da aka cika da sababbin kaya masu faɗa da juna kuwa, tsadarsu ba ta hana ido gajiya.

Akwai bambanci tsakanin abin da ya tsufa da abin da aka yi wa sakaci, kuma kowa yana gane shi ko da bai iya bayyanawa ba. Hannun kujera da ya yi sulɓi saboda tafukan da suka dafa shi shekara da shekaru, tsufa ne. Maiƙo da ƙura da yagaggen yadi mai zubar da soso, sakaci ne. Salon nan na farkon yake nema. Duk wanda ya fake da shi don ya ƙi gyara da wanki, ya fahimce shi a baibai.

"Ba ni da lokaci, ban kuma iya ba"

Gaskiya ne abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da lokaci. Ba ka shiga kasuwar tsofaffin kaya da safe ka fito da ɗaki cikakke da yamma. Yau ka samu madubi, bayan wata biyu ka samu teburin da ya dace da shi. Mai gaggawa, ko wanda aiki ya sha masa kai, wannan hanya za ta gundure shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma batun iyawa an cika zuzuta shi. Ɗauki tsohuwar kujerar katako guda ɗaya. A fara wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a bi lunguna da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe sarai a inuwa. Sau da yawa a nan ma aikin yake ƙarewa, domin abin da ka zaci lalacewa ce ashe dauɗa ce. In ƙafa tana motsi, a zare ta, a kankare busasshen gam ɗin da ke ramin, a sa sabo, a mayar, a ɗaure da igiya tamau ta kwana. In za a yi fenti kuma an tabbatar babu dalma a tsohon, a ɗan goga sanfefa don sabon ya samu wurin kamawa, a share ƙurar da ɗanyen tsumma. Sannan a shafa fentin siriri, a bar shi ya bushe, a ƙara na biyu. Kuskuren sabon hannu shi ne ya loda da kauri a tashi ɗaya don ya gama da wuri, sai fentin ya yi ta zuba yana daskarewa a gefe. Daga ƙarshe a shafa kakin goge katako da tsumma a murza, ya ba ta laushi a hannu, ya kuma kare ta daga ruwa. Mazaunin kuma allo ne da ake kwancewa da noti huɗu, a ɗora sabon soso, a ja yadi a ɗame, a kafe ta ƙasa.

Ba sihiri a ciki. Abin da ya fi ƙarfinka kuma ka kai wa kafinta ko mai ɗinkin kujera, har yanzu kana cikin riba.

Wani abin ma ko fenti ba ya so. Canja mariƙan durowa kawai yana sauya mata fuska. Tsohon firam da aka cire hoton ciki aka sa madubi, ya zama abin bango. Tsohuwar akwatin ƙarfe ko ta katako ta zama teburin tsakiya, ga kuma wurin ajiya a cikinta. Kujeru huɗu da ba gida ɗaya suka fito ba, in aka shafa musu launi ɗaya sai su zama 'yan'uwa. Zanen gado na auduga da ya yi laushi saboda wanki, tela ya mayar da shi rigunan matashi. Kwalabe da tuluna marasa murfi, a jera uku a kan taga a sa musu reshe.

Inda 'yan ɓangarena ke ɓata rawarsu da tsalle

Ina da ƙorafi a kan masu son salon su ma, kuma ba ƙarami ba ne.

Wasu da zarar sun sayi gwangwanin farin fenti, duk abin da suka gani sai sun shafa masa. Na ga teburin da aka yi da itace mai daraja, zanensa kamar an zana da hannu, an lulluɓe shi da fari an kankare gefe. Wannan ɓarna ce. Fenti na katako ne mai arha, ko wanda ya yi tabon da ba ya gyaruwa, ko wanda dama da fenti aka san shi. Itace mai kyau mai kawai yake so. Kuma in kana zargin abin da ka samu tsoho ne ƙwarai mai tarihi, kada ka taɓa shi sai wanda ya sani ya duba, domin fenti yana iya zubar masa da daraja gaba ɗaya.

Kankarewar ma ana wuce gona da iri. In har za a yi, a yi ta inda hannu da jiki ke gogawa da gaske: kusurwa, bakin aljihu, kewayen mariƙi, sandar da ake ɗora ƙafa. Amma ka ga tsakiyar ƙofar kabad an yi mata faci-faci, wurin da ba abin da ke taɓawa, kowa ya gani ya san da gangan aka yi. Ni na fi son a shafa fentin a bar shi, zaman gida da kansa zai yi masa nasa aikin.

Sai tara tarkace. Araha tana da jaraba. Ka je neman tebur ɗaya ka dawo da agogon da ba ya aiki, da kejin tsuntsu, da kwanduna biyar, duk don an bar maka su a banza. Kafin ka ankara ɗakin ya koma rumbu, shara ta gagara, ƙura ta samu wurin zama. Abin da ba ka da inda za ka ajiye shi, ba ka kuma da aikin da zai yi maka, ko nawa aka bar maka shi ya yi tsada. Ka auna wurin kafin ka fita, ka riƙe awon a aljihu, har da faɗin ƙofar da kayan zai bi ya shiga.

Akwai kuma wani abu da ke damuna wanda ban da cikakkiyar amsarsa. Da salon ya yi kasuwa, dillalai suka gane, suka shiga kwashe kyawawan tsofaffin kaya tun da asuba, su shafa musu fenti su ninka kuɗi. Intanet ta ƙara wa abin gudu, tun daga shafin saye da sayarwa na eBay da aka kafa a 1995 har zuwa Facebook Marketplace da ya zo a 2016, yanzu kowane mai sayarwa yana iya duba wayarsa ya ga yadda ake sayar da irin kayansa. Wanda ke zuwa kasuwar gwanjo don ba shi da wani zaɓi, sai ya tarar yana takara da wanda ya zo don sha'awa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi kayan da ba a riga an yi wa kwalliya ba, mai ƙura, mai ƙafa ɗaya a kwance, wanda dillali ya raina. Can ne arahar gaske ta koma. Haka nan 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aiki masu shirin ƙaura, yawancinsu neman wanda zai rage musu kaya suke yi, sai dai ba a tambaya.

Juji da masu sana'a

Ban cika son a mayar da kowace magana ta zama wa'azin muhalli ba, amma alƙaluman nan sun isa a dube su. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an zubar da kayan ɗaki tan miliyan 12.1 a ƙasar, kusan kashi 80 cikin 100 kuma a juji aka binne su. A 1960 abin bai wuce tan miliyan 2.2 ba. Yawan jama'a ya ƙaru, amma bai ninka sau biyar ba. Kayan ne aka koma yi don a zubar. Allon garin katako kuma, saboda gam da ledar da ke jikinsa, sake sarrafa shi yana da wuya.

Wani ya ce mini in kowa ya koma sayen tsoho, masu ƙera sabo za su rasa aiki. Da farko dai kowa ba zai koma ba, kuma dole sai wani ya sayi sabo nagari yau kafin wani ya same shi na hannu nan da shekara talatin. Na biyu, kayan garin katakon nan inji ne ke yanka su dubu-dubu, hannun mutum kaɗan ne a ciki. Gyara kuwa ba ya yiwuwa sai da mutum. Tsohuwar kujera ɗaya tana iya bi ta hannun kafinta, da mai ɗinkin soso, da tela, da mai sayar da fenti, da wanda ya ɗauko ta ya kawo gida, kowa ya samu rabonsa, kuma kuɗin yana zagayawa ne a kusa da inda mai kujerar yake zaune. In kuma dole sai sabo, to gara a je wurin kafinta a ce ya yi da katako na gaske, ko da guda ɗaya ne a shekara, a cike sauran ɗakin da na hannu har hali ya samu.